Girken Gwani

Ranar Talata da misalin ƙarfe huɗu na yamma, talabijin ɗin shagon Mai Aski ta nuno wata mata sanye da rigar aiki, tsaye a tsakiyar wani ƙaton zaure. Bisa kanta tsofaffin makullai ne rututu, an rataye su da zare suna lilo. Da aka kunna fitila sai inuwarsu ta faɗa kan bango ta fitar da siffar gida, har da ƙofa da taga. Mai gabatar da shirin ya ce wannan ita ce Mai Sassaƙa, haifaffiyar garin, wadda ta fara da yumɓu, ta koma icce, ta koma tagulla, yanzu kuma ɗaki guda take cikawa da aiki ɗaya, mutane su shiga su zagaya. Aka kuma nuno hannayen matan kasuwa da ta zuba da tagulla, kowace jijiya da kowane tabo a fili. Daga ƙarshe aka ce ta zo gida za ta baje kolin ayyukanta, kuma tana so ta haɗa da aikin wani ɗan gari guda.

Gwani yana kan benci yana jiran layi. Rubuta allunan shaguna ne sana'arsa, sunan kuma shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta shi da jan fenti a ƙofar gidansa har ya bi shi. Ya gyara zama ya ce, "'Yar ajinmu ce. Ni na fara nuna mata yadda ake murza yumɓu."

Mai Aski ya tambaye shi yadda ake kiran irin wannan aiki, don kalmar da aka faɗa a talabijin ta wuce shi. Gwani ya ce a harshenmu girke ake cewa, tunda girkawa ake yi a ɗaki, kuma shi ne ya fassara yanzun nan. Ya ƙara da cewa ɗan garin da ake nema ai an riga an same shi. Ya tashi ya fita ba tare da an taɓa masa kai ba.

Washegari ya je gidan yayar Mai Sassaƙa ya zauna a falo tun safe. Aka ba shi ruwa ya sha, aka ba shi abinci ya ci, aka yi hamma a gabansa bai gani ba. Da yayar ta ga zai kai yamma, sai ta yi masa alkawarin za ta kawo ƙanwarta ranar Asabar ta duba aikinsa, ko don ya tashi.

Saura wajen aiki. A gidan Gwani akwai ɗaki ɗaya mai ƙofa ta bakin titi, wanda matarsa, Tela, ta daɗe tana roƙo ta mayar shago, don a lungun ɗakin kwana take ɗinki, masu kawo gwaji suna tsallake gado. Shi kuwa ya riƙe ɗakin da dabaru iri-iri. An yi kiwon kifi a ciki, kifin suka mutu. An yi sabulu, sabulun ya cinye tukunya. Da ya ce yanzu ɗakin ya zama na fasaha, Tela ba ta yi musu ba. Ta aika aka kira Kawu, ƙanen mahaifiyarsa, tsohon shugaban makaranta, wanda ko a gida yake magana kamar yana gaban taron ɗalibai.

A gaban Kawu aka yanke magana. In Mai Sassaƙa ta fita da ko abu ɗaya na aikin Gwani zuwa zauren baje koli, ɗaki nasa ne, Tela ba za ta sake tayar da zancen ba. In ta fita hannu rabbana, makulli ya koma hannun Tela a ranar.

"Uwar yara, ki fara neman inda za ki riƙa ajiye baƙi daga ƙasashen waje," in ji Gwani.

"To, Baban yara. Zan auna labulen tagar tukuna."

Ya fara da yumɓu. Ya zaunar da Kawu a kan kujera ya hana shi motsi, ya yi ta murzawa yana ja da baya yana ƙanƙance ido ɗaya. Da ya gama ya fito da aikin ƙofar gida ya ce wa masu wucewa su faɗi wane ne. Wata mata ta ce buta ce. Wani direba ya ce ai ga kunnuwa nan, jaki ne. Mai Shago, wanda shagonsa ke manne da na Mai Aski, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce shi dai ya san fuskar, amma ba a wannan duniyar ba. Kawu ya ce a mayar da shi ciki. Gwani ya ce sai ya sha rana tukuna. Kafin magariba hancin ya faɗo, kan ya tsage biyu, Gwani ya ce dama gwaji ne, manya ba sa tsayawa a yumɓu.

Ranar Alhamis ya koma kan makullai. Ya bi gida-gida yana aron na mutane, wai na ɗan lokaci, yana cewa makullin kowa zai shiga tarihi. Don aikin ya yi kyau sai ya zare kowane makulli daga zobensa, ya ɗaure su ɗai-ɗai da waya a jikin fankar silin. Ya rufe taga, ya haska tocila, ya kira Tela ta zo ta ga gida a bango. Ta duba ta ce ita dai ruwan sama take gani. Ya ce motsi ne ya rage, ya kunna fanka.

Makullai suka yi ta harbi ko'ina. Ɗaya ya fasa ƙwan fitila, ɗaya ya same shi a goshi, sauran suka watsu bayan buhuna da gwangwanayen fenti. Ya tattaro su a kwano, sai a lokacin ya lura duk kamarsu ɗaya. Har rana ta faɗi mutanen layin suna tsaye a ƙofofinsu, kwano yana zagayawa, kowa yana gwadawa yana tsaki. Makullin direba ya buɗe ɗakin girkin wata malamar asibiti, mijinta ya tsaya yana neman bayani. Mai Shago ya kasa rufe shagonsa, ya zauna a bakin ƙofa yana faɗa wa iska cewa wasu masu askin ne suke tara mahaukata a layin. Mai Aski ya amsa wa iskar cewa wasu kuma sukarinsu rabi yashi ne. Su biyun ba sa magana da juna tun ranar da iska ta kwashi gashi daga shagon aski ta zuba a buhun sukari.

Gwani ya ɗaure goshi da ƙyalle ya ce yanzu ya gane inda ƙarfinsa yake. Hannaye zai zuba. Tagulla tana da wuyar samu, don haka ya sayo filasta, farin garin nan da ake ado a silin da shi. Ita Mai Sassaƙa hannu ɗai-ɗai ta yi, shi kuwa zai haɗa hannaye suna gaisawa, a zubi ɗaya, ya sa wa aikin suna Haɗin Kai. Za a cusa hannu a kwaɓin, in ya kama a zare, ramin da ya rage shi ne aikin.

Samun hannayen bai yi wuya ba. Ya ce wa Mai Aski za a nuna hannunsa a talabijin, ya yarda nan take. Mai Shago ya ce ko da kuɗi ba zai zo ba, sai Gwani ya ce ba komai, dama na Mai Aski ya fi tsari, sai ga shi ya ce a sa shi. Kawu kuwa aka ce masa hannun da ya riƙe alli shekara da shekaru bai kamata ya tafi ba shaida ba.

Ranar Juma'a ya kafa allo a bakin titi, da rubutunsa mafi kyau: GIRKE NA MUSAMMAN, GOBE ASABAR DA RANA, KYAUTA, KOWA YA ZO. Matan layin suka shigo suna tambayar Tela abin da za ta ɗora, ko tana son taimako da yanka albasa. Ta ce su tambayi mai allon. Suka same shi, ya ce ba aikin mata ba ne wannan, shi zai yi da hannunsa. Abu ne fari tas, a baho ɗaya, ba su taɓa ganin irinsa ba, a ƙasashen waje har layi ake bi. Suka tambaya ko zai ishi kowa. Ya ce ko gari ne ya zo zai ishe shi. Labari ya wuce layin, ya shiga layin baya.

Ranar Asabar da hantsi ya ɗauki babban bahon wankin Tela ya aza a kan wani gajeren tebur a tsakiyar ɗaki. Ya zuba ruwa ya juye filasta, ya ga kamar ba za ta yi ƙarfi ba, ya ƙara gam ɗin kafinta da ragowar simintin tayil. Mai Aski ya ce a yi sauri, ya baro mutum a kujera. Suka durƙusa kewaye da baho su huɗu, kowa ya naɗe hannun riga. Gwani ya kama hannun Kawu na dama. Mai Aski da Mai Shago suka dubi juna, suka dubi silin.

"Faɗa masa ba gaisuwa ba ce, aiki ne," in ji Mai Shago.

"Faɗa masa ya yanke farce."

Suka kama hannun juna da ƙyar, aka nutsa hannayen huɗu har wuyan hannu, na wannan bisa na wancan. Tela ta leƙo da kwalbar basilin ta tambaya ko ba a shafa wani abu tukuna. Gwani ya ce masu koyo ne ke shafawa.

Da farko sanyi ne. Can sai Kawu ya ce, "Ɗan nan, abin nan yana da rai ne? Ina jin ɗumi."

Gwani ya ce alamar nasara ce, a ƙara haƙuri. Da ya ga saman ya yi tauri ya ƙwanƙwasa da hagu ya ce to, a zare a hankali. Suka ja. Baho ya taso tare da su, ya koma ya zauna. Ya ce ba a ja tare ba, ya ƙirga musu, suka sake ja, Kawu ya yi gaba har hularsa ta faɗa kan filasta. Mai Aski ya ce Mai Shago ne ya riƙe shi da gangan. Mai Shago ya ce da zai iya sakin hannun nan da ya sake shi tun kafin a haife shi. Sai suka lura kai tsaye suke magana da juna, kowa ya kawar da kai.

A daidai nan jama'a suka iso. Mata da kwanuka, maza da cokula a aljihu, wata tsohuwa da kula mai hawa uku. Na gaba suka leƙa ta ƙofa suka ga maza huɗu durƙushe, hannayen dama cikin baho ɗaya, kan wani abu fari, suna gumi. Magana ta koma baya cewa an fara ci. Tsohuwar ta kutsa ta ce ita ba ta taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba, a gayyaci mutane sannan a rufa a kan kwano, har da Kawu da girmansa. Kawu ya buɗe baki zai yi jawabi, ta ce ya haɗiye tukuna. Direba ya zaro cokali ya ce ko gefe ne a bar musu, ya kai sara, cokalin ya lanƙwashe.

"Girke na rubuta, ba girki ba," in ji Gwani. "Ku duba allon, da wasalin e."

"Wasalin za mu ci?" in ji tsohuwar.

Dariya ta fara daga bakin ƙofa ta bi layi har titi, waɗanda ba su ga komai ba suka fi kowa yi. Sai ga wani mutum ya ratso da zanen aski a wuya, rabin kansa fes, rabi kuwa daji. Ya ce tun ɗazu yake zaune, ɗaurin aure zai je. Mai Aski ya ce ya kawo injin nan ya ƙarasa masa da hagu. Mutumin ya dubi bahon, ya dubi hagun, ya ce zai sa hula.

Ɗumi ya ƙaru. Tela ta kawo ruwan sanyi daga firji tana zuba musu a wuyan hannu, tana tambayar maigidan ko wannan ma cikin aikin ne. Wayar Kawu ta yi ta ƙara a aljihun dama, ba mai iya kai wa gare ta sai Mai Shago, wanda ya zaro ya amsa ya ce Kawu yana nan amma hannunsa ba ya kusa. Kawu kuma ya sunkuyo ya faɗa wa Gwani a kunne cewa ya sha shayi kofi biyu kafin ya fito, kuma lokaci ya yi. Gwani ya ce akwai makaniki a ƙarshen layi, yana da injin yanka ƙarfe. Sauran ukun suka ce ba da hannunsu ba. Ya ce to ko guduma ce a samu.

Suka tallabi baho da hagu suka miƙe tare. Ƙofar ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, sai da suka karkata, Kawu a gaba yana tafiya da baya, Gwani yana ba da umarni. Da suka fito titi jama'a suka buɗe musu hanya suna buga kwanuka da cokula. Mai Shago ya hango mutane tsaye a shagonsa ba mai sayar musu, ya ja wajen hagu. Mai Aski ya hango mai rabin kai zai shiga shagon wani, ya ja wajen dama. Kawu yana ja wajen gida. Baho ya fara juyawa, su ma suka bi shi, suna zagaye a tsakiyar titi kamar masu rawa, Gwani yana cewa jama'a su lura da kyau, irin wannan shi ake kira aiki mai motsi.

Wata mota ta yi hon ta tsaya, don ba hanya. Yayar ta fito, bayanta Mai Sassaƙa, cikin doguwar riga baƙa mai tsada, don daga nan zauren baje koli za ta wuce. Gwani ya yi ƙoƙarin ɗaga mata hannu, baho ya karkata, sauran suka yi ihu.

"'Yar ajinmu, sannu da zuwa. Kin same mu a tsakiyar aiki."

Mai Sassaƙa ta matso kusa da bahon. Ta taɓa filastar da bayan hannu, ta tambayi tun yaushe, da abin da aka zuba a ciki. Da ta ji gam da siminti ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta ce a aza baho a kan bencin Mai Aski, a ci gaba da zuba ruwan sanyi, ta buɗe bayan mota ta ɗauko ƙaramar guduma da cizal. Ta tsuguna a bakin titi da rigarta mai tsada, ta fara sara daga gefe, a hankali, tana tambayar kowa inda yatsunsa suke.

Gwani ya ce wa jama'a su duba yadda take riƙe guduma, haka ya koya mata. Ta tambaye shi, ba tare da ta ɗago ba, wace makaranta ya ce sun yi tare. Ya faɗa. Ta ce ai ta 'yan mata ce. Ya ce eh, tasu ce ke bayanta, katanga ɗaya, ta kan katangar yake nuna mata. Kawu ya ce shi ya shugabanci ta bayan, kuma abin da ya sani game da katangar shi ne an taɓa kama wani a kanta yana satar mangwaro.

Kawu aka fara fitarwa, bai tsaya godiya ba, ya nufi cikin gida da sauri irin wanda ba a san yana da shi ba. Mai Aski da Mai Shago suka fito manne, sai da ta bi tsakanin yatsunsu da bakin cizal. Da suka rabu kowa ya duba hannunsa, fari fat, gashin ya tafi. Mai Aski ya ce ko shi bai taɓa aski mai kyau haka ba. Mai Shago ya yi dariya kafin ya tuna, ya maida ita tari. Gwani ne ƙarshe, don hannunsa ne a can ƙasa.

Mai Sassaƙa ta miƙe, ta yi fari tun daga gira har takalmi. Ta leƙa ɗakin don cika alkawarin yayarta, ta ga rabin kan yumɓu da wayoyi a jikin fanka, ta ce Allah ya ƙara basira, ta juya wajen mota. Kawu, wanda ya dawo da fuska a sake, ya tambaye ta ko akwai abin da za ta ɗauka. Ta ce babu, sai gudumarta.

Gwani ya sha gabansu. Ya ce a tsaya, a yi adalci. Sharaɗi ya ce ko abu ɗaya na aikinsa. Wannan farar ƙurar da ke jikin rigarta ta wane ne? Shi ya kwaɓa ta. Yanzu kuma zauren za ta shiga da ita, gaban manyan baƙi da masu ɗaukar hoto. Wasu daga cikin jama'a suka ce ai kuwa da gaskiyarsa. Kawu ya shafa gemu da farin hannunsa ya ce maganar tana da ƙamshin gaskiya.

Tela ta ajiye butar ruwan sanyi ta kama hannun baƙuwar.

"Anti, ba za ki bar ƙofar gidana haka ba, a ce ba mu san mutunci ba. Shigo."

Suka shiga. Gwani ya bi su yana cewa ƙurar ado ce, aka rufe ƙofa a fuskarsa. Da suka fito Mai Sassaƙa tana sanye da sabuwar riga shuɗiya daga ɗinkin Tela, fuska a wanke, baƙar rigar kuma an jiƙa ta a bokiti. A bakin mota Tela ta durƙusa da buroshi ta goge mata takalmi, sama da ƙasa, ta karɓi guduma da cizal ta ɗauraye su, ta share da ƙyalle. Kawu ya sa tabarau ya zagaya baƙuwar sau ɗaya, ya ce bai ga komai ba. Mota ta tashi.

Hannun Gwani na dama ya kumbura, bai iya shiga aljihu ba, Kawu ne ya zaro makullin ya miƙa wa Tela. Masu kwanuka suka taya ta fitar da gwangwanayen fenti, direba ya kama mata keken ɗinki, kafin la'asar an rataye labule a taga. Ranar Litinin ta buɗe shago, da allo a bisa ƙofa wanda Gwani ya rubuta da hannun hagu.